Famfon Man Georgette

Talata, 12 ga Nuwamba, da yamma

Léonie ce ta kira. Ƙanwata ba ta kiran mutum yana tsaka da cin abincin rana sai da dalili, shi ya sa na ajiye cokali tun kafin in ɗaga wayar. Ta ce sun dawo daga wurin likita, ta kuma faɗi abin da ya ce game da mijinta Anselme. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Na sa kwat na tafi. Na tarar da shi a kujerar kusa da murhu, an rufe masa gwiwoyi da bargo, fuskar nan ta yi wani launi da ban so ba. Shekara arba'in da ɗoriya yana auren ƙanwata, amma tun kafin ya san da ita ya san ni. Tun muna aji ɗaya a firamare yake zagina, har yau bai gaji ba.

"Masinja," in ji shi, "yau kuma wasiƙar wa ka ɓatar?"

"Janar," na ce, "na zo in ga ko an ƙara maka girma."

Ni na daɗe da yin ritaya daga raba wasiƙu, shi kuma iyakar aikin sojan da ya taɓa yi feren dankali ne a kicin ɗin bariki. Amma sunayen sun bi mu, yau kuwa na gode Allah da suka bi mu, don ban san da me zan buɗe baki ba.

Muka sha kofi, muka zagi gwamnati, muka zagi masu gyaran titi. Can ya ce, idonsa na kan wuta:

"Georgette ba ta tashi tun Satumba."

"Na sani."

"Ina son ta kai ni Tudun Gicciye. In zauna a gaba, kai ka tuƙa, in ga kwarin nan daga sama."

"Ai gangamin tunawa da yaƙi ya kusa. Tsakiyar Disamba duk can za mu hau a jere."

"Kafin nan nake nufi, Cyrille."

Rabon da ya kira ni Cyrille tun ranar da muka binne matata. Léonie ta juya mana baya tana wanke kofin da ba wanda ya sha komai a ciki. Na ce to. Me zan ce?

Laraba, 13 ga Nuwamba, da hantsi

Na buɗe rumfar bayan gidansu. Georgette na nan yadda muka bar ta, da koren fentinta na soja da farin tauraro a bonet. Akori-kurar sojan Amurka ce ƙirar 1943. Sojoji suka yar da ita a kwari bayan yaƙi, wani manomi ya yi ta jidar itace da ita har ta gaji, mu biyu muka ciro ta daga cikin ƙaya shekara talatin da suka wuce, kaji na kwana a kan sitiyarinta. Babu notin da ke jikinta da bai bi ta hannuna ko nasa ba.

Batir lafiya, fulogi lafiya, wuta na zuwa. Mai ne ba ya isa kafireta. Na kwance famfon mai, wanda ke tsotso fetur daga tanki, sai ga tsaga a gindinsa, doguwa, a wurin da walda ba ta kamawa. Shi kam ya gama aiki.

Dokar Anselme ɗaya ce, ni ma a kanta nake: abin da bai ga yaƙi ba, ba ya hawa jikin Georgette. Mun taɓa yin damina biyu muna yawo da fitilar baya guda ɗaya don mun ƙi sayen ta zamani. Na kira Wubbe, wani ɗan Holan mai sito cike da kayan motar soja da ba a taɓa buɗewa ba, suna nan naɗe cikin takardar giris ta wancan lokaci. Ya ce yana jin akwai guda, amma sai ya tona. Ya ce in ba shi mako ɗaya.

Mako ɗaya ba komai ba ne. Haka na yi ta faɗa wa kaina har gida.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, da rana

Ruwa tun safe. Ban je ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, da yamma

Bayan an tashi daga coci na je zaman ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motocin soja, a rumbun Norbert kamar kullum. Tsofaffi tara, murhu ɗaya, kwalbar barasa ɗaya. Kujerar Anselme ba wanda ya zauna a kai, ba kuma wanda ya ɗauke ta.

"Ya jikin Janar?"

"Da sauƙi."

Kowa ya gyaɗa kai. Ba wanda ya ƙara tambaya, na kuma gode musu.

Sai Norbert, da yake bakinsa ba ya da birki. Tsohon mahauci ne, tumbinsa na riga shi shiga ɗaki. Ya ja ni gefe, gefen da kowa ke ji.

"Ina da famfon lantarki a ajiye, sabo fil. Yanzu ka ɗaura, yanzu ta tashi. Ka ɓoye shi a ƙarƙashin bodi, wa zai gani?"

"Wa zai ji, za ka ce. Jif ɗinka in ka murɗa makulli ƙat-ƙat-ƙat take yi kamar agogon kicin. Shekara nawa yana maka dariya a kai?"

"Dariyar tasa ta kai shi ina? Tawa tana titi, tasa tana rumfa. Da babu gara ba daɗi, Masinja."

Da ya tsaya nan da mun rabu lafiya. Sai ya ƙara, wai cikin rage murya: "Kuma ko ba don hawan ba, ka san al'adarmu. Za a buƙace ta a shirye in..."

Bai ƙarasa ba, ba ya kuma buƙata. Ɗan ƙungiya in ranarsa ta zo, motarsa ce ke kai shi coci, ba motar haya ba. Mun yi wa mutum huɗu haka.

Na ce masa bakinsa ya sari ɗanyen kashi. Na dire kofi, na fita ban yi wa kowa sallama ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne tun ranar Talata maganar ke raina, Norbert dai ya riga ni faɗa ne.

Talata, 19 ga Nuwamba, da safe

Famfon bai iso ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, da yamma

An sauko da gadonsa falo. Ban tambayi dalili ba. Wata ma'aikaciyar jinya tana zuwa kullum da safe, na ga takalmanta a ƙofa, ita ma ban tambaya ba.

Léonie ta yi miyar albasa. Ya sha cokali biyu ya ture, ta ce da ni, "Yaya, ka ga yau ya ci da yawa." Na ce na gani. Hannun nan da ke kwance noti ba sifana, yau sai da ya haɗa biyu kafin ya riƙe kofi.

"Ɗan Holan ɗin fa?"

"Kaya na hanya."

"Kada ka bari mahaucin nan ya kusance ta da kayan wasan yaransa."

"Ai na kusa fasa masa kofi a ka."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe. Na tsaya ina kallon hoton bikinsu a bango har ya lafa. A hoton ni ne a gefe, da gashina cike da kai, ina hararar mai ɗaukar hoto.

Asabar, 23 ga Nuwamba, da rana

Wubbe ya ce ya samu kwali, amma na babbar mota ne, bakin ba zai zauna ba. Wai akwai wani a wurin ƙanensa. Wai wani makon.

Na wuni a rumfa. Na sake baƙin mai, na cika giris, na goge gilashi, na ƙara fenti a tauraron da bai koɗe ba. Duk aikin da ba ta buƙata na yi mata shi. Daga rumfa ana hango tagar falo. An ja labule.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Ban je coci ba, ban je rumbun Norbert ba. Bai iso ba, ai yau ma ba a kawo kaya.

Litinin, 25 ga Nuwamba, da yamma

Maud ta iso daga garin Namur da babbar jaka, irin ta wanda bai san ranar komawa ba. 'Yarsu ce tilo, malamar makaranta, ta kuma kwaso bakin ubanta tsaf. Ta same ni a rumfa ina goge fitila.

"Kawu, yaushe?"

"Kaya na hanya."

"Kawu, ajiye tsumman nan ka dube ni. Mai jinyar ta ce in akwai abin da Baba ke son yi a zaune, a yi shi cikin makon nan. A zaune, Kawu. Ka gane ko in ƙara bayani?"

"Kada ki ƙara."

"To ga wannan." Ta dire wani ƙaramin kwali a kan bonet. "Na biya wurin Baba Norbert na karɓo."

"Ɗauke min shi daga kan fenti! Ubanki ba zai yarda da wannan abin ba. Ke me kika sani? Shekara talatin..."

"Baba ne ba zai yarda ba, ko kai ne ba ka son ta tashi?"

Na ce mata ba ta da kunya. Yarinyar da na ɗora a wuya na kai ta kallon gangami, yau ita ke tsare ni da ido.

"Kana jin in motar ba ta tashi ba, shi ma zai tsaya ya jira ta," in ji ta. "Ba zai jira ba, Kawu. Ba ya iyawa."

Sai ta fashe da kuka, ta kifa kai a kan tayar gefe. Ni kuwa na tsaya da tsumma a hannu kamar wawa. Ban rarrashe ta ba, don in na buɗe baki ban san abin da zai fito ba. Da ta gama ta share fuska ta koma ciki, ta bar kwalin a inda ta ajiye shi.

Tsoro nake ji. Wannan kam zan iya rubutawa.

Talata, 26 ga Nuwamba, da rana

Kwalin na kan bonet. Ban taɓa shi ba. Wubbe bai ɗaga waya ba.

Laraba, 27 ga Nuwamba, da yamma

Na ɗaura.

Na kulle ƙofar rumfa tukuna, kamar mai shirin sata. Na kwanta a ƙasa, sanyin siminti na shiga ƙashina, na cusa shi can cikin ƙarfen gindi kusa da tanki. Na naɗe shi da guntun tsohon tif don ya rage ƙara, na shafe shi da koren fenti. Tsagaggen famfon kuma na mayar da shi mazauninsa da tiyonsa, yadda duk wanda ya ɗaga bonet zai rantse shi ke aiki. Shekara saba'in da ɗaya a duniya, ban san na iya ha'inci haka ba.

Na murɗa makulli. Ƙat-ƙat-ƙat. Tif ɗin bai hana komai ba. Na taka sitata, bugun farko ta tashi, rumfa ta cika da hayaƙi da ƙarar nan da na yi wata biyu ban ji ba. Kunya ta kama ni, murna ta kama ni, na rasa wadda zan bi.

Labulen falo ya motsa. Maud ta fito a guje ba kwat.

Mun shirya: ƙarar tana fitowa ne tsakanin murɗa makulli da tashin inji kawai. Ni zan yi tari, ita za ta ɗaga murya. Jibi, in rana ta fito.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, da yamma

Rana ta fito.

Ni da Maud muka ɗauko shi a kujera. Ban so nauyin da na ji ba, don babu shi. Léonie ta sa masa rigar ulu biyu, ta cusa masa robar ruwan zafi a ciki, ta ɗora masa tsohuwar hular sojan da yake sawa ranar gangami. Hular ta faɗo har kunne. Na ce ta zo mu je, akwai wuri.

"Shekara talatin ina shaƙar hayaƙinta," in ji ta, "ya ishe ni. Ku dai dawo min da shi kafin sanyi ya sauko."

Maud ta hau baya. Na murɗa makulli, na ɓarke da tari kamar zan amayar da huhu, Maud na ihu, "Baba, gyara mayafin wuyanka! Baba, ka ji ni?" Inji ya kama. Na saci kallonsa. Yana kallon gaba.

Mun fita ƙauye a hankali. Mai gidan burodi ya fito ƙofa ya ɗaga hannu, Anselme ya sara masa kamar janar na gaske. Da muka fara hawa na sa giya ta yi ƙara, sai ga shi ya farfaɗo.

"Sau biyu ake taka kuloci, Masinja! Ba keken gidan waya ba ne! Kashe min ita za ka yi?"

"In ka iya ka karɓa."

"Da na karɓa, da mun daɗe da isa."

Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba.

A saman tudu na juya mata hanci ta fuskanci kwari, na kashe inji. Ga coci, ga rufin gidaje da hayaƙi na tashi, ga dajin ya yi baƙi ƙirin har iyakar gani. Ya nuna da haɓa wajen gonar da muka ciro Georgette. Sai ya ce da Maud ta je ta duba masa ko bencin gindin gicciyen yana nan. Ana hango bencin daga inda muke, amma ta sauka ta tafi.

"Murɗa makulli," in ji shi. "Kada ka taka sitata. Kuma kada ka yi tari."

Na sha jinin jikina. Na murɗa.

Ƙat-ƙat-ƙat-ƙat. A shirun tudun nan sai ka ce duk kwarin na ji.

"Na Norbert ne?"

"Nasa ne."

"Ash! Mahauci ya yi nasara." Ya rufe ido yana murmushi. "Tun shekaranjiya na ji shi daga kan gado, kafin inji ya kama. Kai ko tarin ƙarya ba ka iya ba."

"Ɗan Holan ɗin ne ya..."

"Na sani. Kashe." Na kashe. Ya ɗora hannu a kan gwiwata, abin da bai taɓa yi ba. "Da ka biye min, da ban ga nan ba. Na gode, Cyrille."

Na kalli kwari, ban iya kallonsa ba.

"Amma ka ji. In na mutu, ka cire shi. Ba zan shiga coci ina ƙat-ƙat a gaban mutanen nan ba, su yi ta dariya har ƙarshen rayuwarsu."

Tun ranar da Léonie ta kira ni ba wanda ya furta kalmar, sai shi. Ya faɗe ta kamar mai cewa a duba iskar taya.

"To," na ce.

"To ba alkawari ba ne."

"Na yi alkawari."

A hanyar dawowa barci ya ɗauke shi, kansa a kafaɗata. Giya ɗaya na sauko da ita har gida don kada in motsa hannu.

Lahadi, 1 ga Disamba, da yamma

Ya gane ni, amma bai zage ni ba. Na zauna ina jira har Léonie ta ce in tafi in huta.

Talata, 3 ga Disamba, da rana

Famfon Wubbe ya iso. Wata yarinya ce ta kawo a motar gidan waya, ko saukowa ba ta yi ba, ta taga ta miƙo.

Ban buɗe ba, na kai masa. Léonie ta warware takardar giris ɗin a gaban hancinsa. Warin nan ya cika falo, warin tsohon sito da man da ya daskare. Idonsa a rufe, amma hancin ya motsa. Ta kama yatsansa ta ɗora a kan ƙarfen. Ya shafa, ya shafa, ya kai kan lambar da aka buga a jiki.

"Na gaske ne," in ji shi. Sai da na sunkuya sosai na ji.

Laraba, 4 ga Disamba

Fada, limamin cocinmu, ya zo. Na zauna a rumfa har ya tafi.

Alhamis, 5 ga Disamba, da safe

Léonie ta kira. Na ajiye wayar, na wanke kofina, na share ƙofar gida, na kuma share ta maƙwabta.

Juma'a, 6 ga Disamba, da yamma

Ran Litinin ne jana'izar, a cocin sama.

Ina ƙarƙashin mota na ga takalman Norbert. Ya durƙusa da ƙyar ya riƙe min fitila. Na cire nasa na miƙa masa, ya karɓa. Na kwance tsagaggen, na ɗauko na Wubbe.

"Buɗe shi tukuna," in ji Norbert. "Robar da ke ciki ta shekara tamanin a kwance. Man yanzu cin tsohuwar roba yake yi, ka fi ni sani. In kira masu kayan gyara na garin Liège, gobe a kawo sabuwa. Tana ciki, ba mai gani, ba mai ji."

Gaskiya ya faɗa. Na ɗauki sukundireba, na ɗora a kan kusar farko. Fentin masana'anta na nan a kanta, ko ƙwarzane babu. Wani ya ɗaure ta a 1944, ba hannun da ya sake taɓa ta sai yatsan Anselme ran Talata. Na daɗe a haka. Na ajiye sukundireban.

"Haka zai hau."

"Kai da surukinka duk jirgi ɗaya ya ɗebo ku," in ji Norbert, yana share hanci da hannun riga. "Taurin kai kamar jakin dutse."

Na ɗaura. Na murɗa makulli, shiru. Na taka, ta yi jinkiri kaɗan, ta tashi. Na zagaya fili da ita sau da yawa, lafiya ƙalau. Norbert dai ya cusa famfonsa a akwatin kayan aiki da ke ƙarƙashin kujera. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Na ƙyale shi.

Litinin, 9 ga Disamba, da yamma

Dusar ƙanƙara ta sauka tun jiya. Mun ɗora shi a baya, muka ɗaure akwatin gawar da bel ɗin soja kamar yadda aka saba, hularsa a sama. Motocin ƙungiya takwas suka jeru a bayanmu. Ina shirin tashi sai Léonie ta buɗe ƙofa ta hau gaba, da baƙar rigarta da jakarta a cinya. Ba ta dube ni ba.

Ta tashi lafiya. Ta ratsa ƙauye lafiya, mutane a tsaye bakin hanya sun cire huluna. Mun kama hawan cocin, ana jin ƙararrawa, mun wuce rabi, sai ta yi tari. Ta sake yi. Na taka totur, ba komai a ƙarƙashin ƙafata. Ta mutu. Na ja birkin hannu, warin fetur ya taso, na san robar ta yage.

Duk jerin ya tsaya. Norbert ya taho yana haki, ya leƙo ta taga.

"Famfona na ƙarƙashinka. Ko in ɗauko igiya in ja ku da jif, ɗan abin da ya rage."

Na sunkuya na jawo akwatin kayan aiki. Na buɗe, ga shi nan da koren fentin da na shafa masa.

"Yaya," in ji Léonie, "me ya ce maka a kan tudu?"

Na faɗa mata. Ta saurara har ƙarshe.

"To rufe akwatin."

"Léonie, Fada na jira. Mutane na tsaye cikin sanyi."

"Shekara nawa ina jiransa saboda motar nan, abinci na hucewa a tebur? Fada ma ya ɗanɗana yau." Ta juya wurin Norbert. "Kuma ba za a ja min miji da igiya kamar saniya ba. Ku tura."

Maud ta karɓi sitiyari. Muka sauka, tsofaffi tara, ƙaraminmu ya haura sittin, muka kafa kafaɗa a bayan motar da ke ɗaukar sojoji goma da kayansu. Maud ta saki birki, motar ta fara komowa kanmu. Wani ya yi ihu, takalma na zamewa, na ji bayana ya amsa. Sai ta tsaya. Sai ta matsa gaba kaɗan.

"Janar!" Norbert ke ihu, fuska jajir, hawaye da majina duk sun haɗu. "Ko yau sai ka ba mu aiki? Mugu! Ka kwanta kana mana dariya!"

Na ɗaga kai na ga mutane na gangarowa daga ƙofar coci da baƙaƙen kaya, mai burodi, mai jinyar nan, matan unguwa, suna neman inda za su sa hannu. Gefena na dama wani ya matse ni. Léonie ce, jaka rataye a gwiwar hannu, tafinta biyu a kan fenti, tana turawa tana magana ƙasa-ƙasa. Ba da ni take ba.

A nan na yi kukan. Goshina a jikin ƙofar baya, akwatinsa dab da kaina, ina turawa ina kuka, ban kuma damu da wanda ya gani ba.

Mun kai shi har bakin ƙofa. Ba inji, ba ƙarar komai, sai numfashin mutane da ƙarar taya a kan ƙanƙara.

Litinin ɗin dai, da magariba

Bayan kowa ya watse muka gangara da ita jikin katangar maƙabarta, daidai inda aka sa shi. Norbert ya ce zai zo da tarakta ya mayar da ita rumfa kafin duhu, kada ƙanƙara ta rufe ta.

Na ce ya bari sai gobe. Daren farko ne, kada a bar shi shi kaɗai.